Yadda ake raba shugabanci tsakanin mutum biyu ba tare da gida ya tsage ba

Kowa a Damagaram ya san maganar nan cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya. Duk da haka akwai lokacin da jama'a ba su da mafita sai su ɗora mutum biyu a kai. A ce ƙauyuka biyu a ƙasar Mirya sun haɗa kuɗi sun kafa bankin hatsi, kowane ƙauye yana tsoron ɗayan ya mallake mangaza. Ko manoma da makiyaya suna shan rijiya ɗaya a wajen Tanut. Ko wa da ƙane sun gaji shago a kasuwar Dole, rabonsu daidai wa daida. Ko ƙungiyoyin mata biyu, ta Birni da ta Zango, sun haɗe, kowace da shugabarta da ta sha wahalar kafa ta. A irin wannan hali, in aka ce lalle sai kai ɗaya, rabin jama'a za su janye hannunsu tun ba a fara ba.

Abin da muke nufi da mulkin mutum biyu shi ne mutum biyu su riƙe ƙololuwar iko a lokaci guda, babu wanda zai iya tsige ɗan'uwansa. In ɗaya yana iya korar ɗaya, shugaba ne da mataimaki, wannan wani tsari ne daban. Ƙasashe sun gwada mulkin mutum biyu shekaru dubbai, wasu ya ɗore musu, wasu ya kai su ga zubar da jini, kuma dalilan da suka sa ya ɗore ko ya rushe a fadar ƙasa su ne dai suke aiki a kwamitin famfo.

Ku fara tabbatar da kuna bukatarsa

Tsari ne mai nauyi, yana cin lokaci, don kowace babbar shawara sai ta bi ta hannu biyu. Ana ɗaukarsa ne idan ɓangarori biyu suna da ƙarfi kusan ɗaya, babu mai yarda ya zauna ƙarƙashin wani, rabuwa kuma za ta fi cutar da su. In don a faranta wa wanda ya faɗi zaɓe rai ne kawai, ku ba shi wani muƙami mai daraja, kada ku raba kai. Ku tuna ranar Saƙifa, bayan wafatin Annabi (SAW), da wani daga cikin Ansar ya kawo shawarar a yi amiri daga cikinsu, a yi amiri daga Muhajirai. Sahabbai ba su karɓa ba, aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a shi kaɗai. Malamai ba su yarda da imamai biyu a kan al'umma ɗaya ba. Amma a ƙasa da wannan matsayi fiƙihu ya san wakilai biyu, ya san wasiyyai biyu a kan dukiyar maraya, ya kuma shimfiɗa musu ƙa'ida, za mu zo kanta.

Zaɓi siffa ɗaya, a rubuta ta

Hanya uku ce ake raba iko, kuma yawancin rigima tana tasowa ne daga inda mutane suka ɗauka sun yarda da abu ɗaya alhali kowa da siffar da ke cikin kansa.

Ta farko ita ce rabon fage: kai ka riƙe nan, ni in riƙe can. Haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi a 1812, ya ba ƙanensa Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Daga nan Gwandu ta riƙe irin su Nufe da Ilori, Sakkwato ta riƙe Kano, Katsina, Zazzau da Bauchi, rabon kuma ya tsaya har zuwan Turawa. Fagen ba lalle ya zama ƙasa ba, yana iya zama aiki. A Gobir, Inna tana da nata hurumin a gefen Sarki, haka Iya a Maraɗi, musamman a kan sha'anin mata. A bankin hatsi, ɗaya ya riƙe saye da ajiya, ɗaya ya riƙe sayarwa da karɓar bashi.

Inda wannan siffa ke lalacewa shi ne a ba ɗaya aiki, a ba ɗaya kuɗin aikin. Ingila ta yi wa lardunan Indiya haka da dokar 1919: ministoci ƴan ƙasa suka karɓi ilimi, lafiya da noma, gwamna da majalisarsa suka riƙe baitulmali, ƴan sanda da shari'a. Minista yana da makaranta a hannu, ba shi da abin biyan malami sai ya roƙa, laifin gazawa kuma shi jama'a ke ɗora wa. Dokar 1935 ta soke tsarin a lardunan. Don haka duk fagen da kuka ba mutum, ku yanka masa kasonsa na kuɗi a farkon shekara, da adadi, a gaban taro.

Ta biyu ita ce karɓa-karɓa: su biyun suna kan kujera, amma jan ragama yana zagayawa. A Rum ta dā, manyan shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara suna karɓar jagoranci wata-wata a cikin birni. A fagen yaƙi kuwa, in sun haɗu a runduna ɗaya, kullum ake sauyawa, kuma a 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wannan ya taimaka wajen hallaka su a yaƙin Kanne: shugabannin biyu, Paulus da Baro, ba su daidaita kan dabara ba, abokin gabansu Hanibal ya kewaye rundunar ya murƙushe ta. Zagaye ya zama mai tsawon da mutum zai fara aiki ya gama shi. Ga ƙungiyar manoma, wata 6 ya fi dacewa, kuma a lura da inda ranar sauyi ta faɗa. Kada ta faɗa tsakiyar kaka, lokacin da ake sayen gero ana cika mangaza, kada kuma ta faɗa tsakiyar damina, lokacin da ake fitar da hatsi ga masu bukata. A sa ta bayan an rufe saye an ƙirga buhuna, sannan bayan an gama sayarwa an ƙirga kuɗi. In ba haka ba, buhu 3 za su ɓata tsakanin hannu biyu, kowa ya rantse ba a zamaninsa ba ne.

Ta uku ita ce tarayya: babu abin da zai wuce sai su biyun sun sa hannu. Ita ta fi kwantar da hankalin ɓangarorin da ba su amince da juna ba, ita kuma ta fi saurin cijewa. Ireland ta Arewa ta ɗauke ta bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998: babban minista da wanda ake kira mataimakinsa ikonsu ɗaya ne, ofishinsu ɗaya.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a haɗa ta farko da ta uku bisa ma'aunin kuɗi. Aikin yau da kullum, kowa ya yi a fagensa shi kaɗai. Abin da ya haura wani adadi, ya koma tarayya. Ga ƙungiyar da jarinta bai wuce sefa miliyan 2 ba, jika 25 iyaka ce mai kyau ga sa hannun mutum ɗaya. Daga nan zuwa jika 200 sai hannu biyu. Abin da ya wuce haka, da duk wani cin bashi, sayar da kadara ko ɗaukar ma'aikaci, sai babban taro. A ƙara layi ɗaya da ke hana tsinka saye gida-gida don a kauce wa iyaka, domin wannan ita ce dabarar farko da ake fara yi: a sayi kayan jika 60 a rubuta rasit uku.

Abubuwa huɗu da ake mantawa, su ne kuma ke kashe tsarin

Mutanen Zinder ba su bukatar a kai su nesa don ganin wannan. Tsarin mulkin da aka amince da shi a Disamba 1992 ya raba ikon zartarwa tsakanin shugaban ƙasa da faraminista. Muddin su biyun ɓangarensu ɗaya, gibin bai fito fili sosai ba. Bayan zaɓen ƴan majalisa na Janairu 1995, Shugaba Mahamane Ousmane ya rasa rinjaye, Hama Amadou ya zama faraminista a Fabrairu. Doka ta ce shugaban ƙasa ke jagorantar taron majalisar ministoci, ta kuma ce faraminista ke tafiyar da aikin gwamnati. To wa ke tsara abin da za a tattauna? In shugaban ƙasa bai kira taro ba, ana iya zama ba shi? Wa ke da ta cewa a naɗin manyan ma'aikata da shugabannin kamfanonin gwamnati? Kowane ɓangare ya karanta dokar yadda ta dace da shi, aikin hukuma ya tsaya cik, ranar 27 ga Janairu 1996 kuma Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su gaba ɗaya. Ba mu kawo wannan don ɗora wa wani laifi ba. Takardar ce ta yi shiru a inda ya kamata ta yi magana, shi ya sa tsarin mulkin 2010 ya fito fili ya tanadi yadda za a yi zaman tare in shugaban ƙasa ba shi da rinjaye a majalisa, har ya ce ministan tsaro da na harkokin waje sai shugaban ƙasa da faraminista sun daidaita a kansu.

Saboda haka takardarku ta amsa tambayoyin nan da sunan mutum da adadin kwana. Kiran taro: a sa rana tsayayya, misali Asabar ta farko a kowane wata, taron ya zauna ko an kira ko ba a kira ba. Taron gaggawa, kowane ɗaya daga cikin biyun yana iya kira da sanarwar kwana 3. In ɗaya ya ƙi zuwa sau biyu a jere ba uzuri, zama na uku ya halatta ba shi. Ajanda: kowa yana da haƙƙin sa magana, babu mai haƙƙin cire ta ɗan'uwansa. Naɗi: ma'aji da sakatare da mai gadi, babban taro ya zaɓe su, kada su zama yaran ɗaya daga cikin shugabannin, in kuma dole ne a raba, ma'aji ya fito daga ɓangare ɗaya, sakatare mai riƙe da littafi daga ɗaya ɓangaren.

Na huɗu shi ne ƙarfi, kuma shi kaɗai ne ba a rabawa. A Sudan, Janar Burhan da Hemeti sun zauna a majalisar mulki ɗaya, kowa da rundunarsa, ranar 15 ga Afrilu 2023 Khartum ta kama da wuta. Sudan ta Kudu ta ga irinsa a Juba a Yuli 2016 tsakanin dakarun Salva Kiir da na Riek Machar. A Kambodiya faraministoci biyu sun yi mulki tare daga 1993, kowa da sojojin da ke masa biyayya, aka ƙare da faɗa a 1997. Mutanen Sparta ta ƙasar Girka ta dā, da suka yi ƙarnuka da sarakuna biyu daga gidaje biyu, sun gane haka tun wajen 506 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da sarakunansu biyu suka saɓa a bakin daga, ɗaya ya juya da mutanensa. Daga nan suka kafa dokar cewa sarki ɗaya ne ke fita da runduna, ɗaya ya zauna gida. A ƙungiya, ƙarfi shi ne makulli, hatimi, asusun banki da lambar wayar da ake karɓar kuɗi. Asusu ɗaya, littafi ɗaya, hatimi ɗaya a hannun sakatare. Ƙofar mangaza a sa mata kwaɗo biyu, kowane shugaba da makullin ɗaya, ta yadda ba ta buɗuwa sai su biyun ko wakilansu suna tsaye. Ranar da kuka ji an ce kowane ɓangare ya buɗe nasa asusun don sauƙin aiki, ƙungiyar ta riga ta zama biyu, saura sanarwa.

Wanda zai raba gardama

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu, sai an kawo na uku. Duk inda mulkin mutum biyu ya daɗe, akwai wani na uku da aka sani tun farko, wanda in su biyun sun cije shi ke yanke magana. Sparta tana da masu sa ido 5 da ake zaɓa duk shekara, da majalisar dattawa 28 waɗanda suka kai shekara 60, sarakunan biyu su cika ta 30. Masu sa idon suna iya gurfanar da sarki. San Marino, ƙaramar jamhuriyar da ke tsakiyar Italiya, tana da shugabanni biyu tun 1243, amma majalisa mai mutum 60 ce ke zaɓensu. Fiƙihun Malikiyya ma haka ya tsara wa wasiyyai biyu: ana ɗaukarsu a kan su yi aiki tare, ɗaya ba ya zartar da abu shi kaɗai, in sun saɓa ko ɗaya ya rasu, alƙali ne ke duba lamarin. A Gwandu da Sakkwato, Shehu da kansa ne na ukun. Da ya rasu a 1817 sai aka ga inda rabon 1812 bai kai ba, aka yi wa Bello mubaya'a, zukata suka yi nauyi tsakaninsa da baffansa Abdullahi, sai bayan yaƙin Kalambaina suka daidaita.

Ku kafa kwamitin sulhu kafin a rantsar da kowa. Mutum 5 ya isa: 2 daga kowane ɓangare, na biyar kuma wanda duka ɓangarorin suka yarda da shi, liman ko wani dattijo da ba shi da kaso a cikin dukiyar. A rubuta sunansa, a rubuta na wanda zai maye shi in ba ya nan. In kuka bari sai rigima ta tashi sannan ku nemi mai sulhu, za ku yi rigima ta biyu a kan wa za a kira.

Haƙƙin hanawa kuma a ɗaure shi da igiya. Wanda bai yarda da wata shawara ba ya faɗa a rubuce, ko a gaban shaidu 2, cikin kwana 3, tare da dalili. Shiru bayan kwana 3 yarda ce. In ya hana, su biyun suna da kwana 7 su daidaita. In sun kasa, magana ta tafi kwamitin sulhu, ya yanke cikin kwana 7, hukuncinsa ya hau kan kowa har babban taro na gaba. Ba tare da waɗannan kwanaki ba, mai cewa a'a kullum shi ke cin nasara, don zama kawai zai yi, farashin gero kuma ba ya jiran kowa. A keɓe abubuwan da hanawa ba ta taɓa su: albashin mai gadi, gyaran famfo in ya lalace, biyan bashin da lokacinsa ya yi. Waɗannan ma'aji ya biya da sa hannun ɗaya, a kawo rasit a taro na gaba.

Wa'adi da hanyar fita

Gajeren wa'adi yana sanyaya zuciya, don wanda ya san saura wata kaɗan ya fi iya haƙuri da abokin zamansa. A San Marino wata 6 ne, ana shiga ofis ranar 1 ga Afrilu da 1 ga Oktoba, wanda ya sauka ba ya dawowa sai bayan shekara 3, kuma bayan saukarsu ƴan ƙasa suna da damar kai ƙara a kan abin da suka yi. Andora, ƙaramar ƙasa tsakanin Faransa da Spain, tana da sarakuna biyu tun 1278, a yau bishop na Urjel da shugaban Faransa, amma tsarin mulkin 1993 ya bar aikin gwamnati a hannun zaɓaɓɓu. A ganinmu wannan ne sirrin daɗewar ƙasashen biyu: an rage abin da kawunan biyu za su yi faɗa a kai. Ga ƙungiya, shekara 2 ana sabuntawa sau ɗaya ya wadatar.

Kada ku ɗaure kujerar ɗaya da ta ɗaya. A Ireland ta Arewa, in ɗaya ya ajiye aiki ɗayan ma ya sauka. Da Martin McGuinness, mataimakin babban minista, ya yi murabus a Janairu 2017, yankin ya zauna ba gwamnati har Janairu 2020, aka kuma maimaita daga Fabrairu 2022 zuwa Fabrairu 2024. Murabus ya zama makami. Ku rubuta cewa in ɗaya ya rasu, ya yi murabus, ko ya tafi ci-rani fiye da wata 2, ɓangarensa yana da kwana 30 ya kawo madadi. Wannan maganar ci-rani ku ɗauke ta da gaske, don a ƙauyukanmu bayan kaka rabin kwamiti yana Kano ko Agadas ko Libiya. Cikin kwanakin nan 30, babba daga wakilan ɓangaren a kwamitin sulhu ya riƙe makulli da sa hannu. Wanda ya rage kada ya haɗa makullan biyu a aljihunsa ko na kwana ɗaya. Tsigewa kuwa ta babban taro ce, da kashi biyu cikin uku, kuma a sa sharaɗin cewa sai an samu aƙalla rabin ƴan ɓangaren wanda za a tsige a cikin masu goyon baya, don kada ɓangare mai yawa ya riƙa zaɓar wa ƙarami shugaba.

Ku rubuta yadda za a rabu tun ana shiri: wa zai ƙiyasta kadara, da wane ma'auni za a raba, bashin da ke waje na wa ne.

Abin da hukuma da banki suka sani

Yarjejeniyarku ta cikin gida ba ta ɗaure baƙo. Dokar kamfanoni ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke daidaita dokokin kasuwanci wadda Nijar ke ciki, ta yarda ƙaramin kamfani irin SARL, wanda alhakin masu shi bai wuce jarin da suka zuba ba, ya zama da manajoji fiye da ɗaya, kowane ɗaya yana iya ɗaure kamfanin da sa hannunsa, ɗayan yana da haƙƙin ya hana kafin a ƙulla ciniki. Amma hanawar ba ta aiki a kan mutumin waje sai an tabbatar ya san da ita. Ma'ana, in ƙanenka ya karɓo kaya bashi da sunan shago, dillalin bai san ka hana ba, bashin ya hau kan shagon. Don haka in ka hana, ka sanar da mai kayan a rubuce a ranar, ka riƙe kwafi. A banki ko asusun ajiya, ku nemi a rubuta a takardar buɗe asusu cewa sai da sa hannu biyu tare, don in an rubuta sunaye biyu kawai ba a fayyace ba, ana iya ɗauka kowane ɗaya ya isa. Dokar OHADA ta 2010 a kan ƙungiyoyin gama kai kuma shugaba ɗaya ta sani a kan kwamitin gudanarwa, tare da kwamitin sa ido. In ƙungiyarku za ta yi rajista a ƙarƙashinta, ku sa karɓa-karɓar kujerar da sharaɗin hannu biyu a cikin dokokin ƙungiya da na cikin gida, ku kai wa ma'aikacin da ke rajista ya duba kafin babban taro ya amince.

Takardar a rubuta ta da Hausa, da boko ko ajami, a yi ta Faransanci don hukuma, a faɗi wadda za a bi in sun saɓa. A karanta ta da ƙarfi a gaban taro, layi-layi, don yawancin masu kaso da kunne za su riƙe ta. A yi kwafi 4: kowane shugaba ɗaya, ɗaya wurin na biyar ɗin kwamitin sulhu, ɗaya wurin mai gari ko ofishin magajin gari. A ranar kowane sauyin hannu, a buɗe mangaza a gaban mutum 3 da ba su cikin shugabanci, a ƙirga buhu ɗaya-ɗaya, a zaɓi buhu 1 cikin kowane 10 a auna da tiya don a ga ko an rage, a gwada kuɗin hannu da abin da ke littafi, a karanta sunayen masu bashi da adadinsu. Mai miƙawa da mai karɓa su sa hannu a shafi ɗaya kafin a tashi, abin da bai cika ba kuma a rubuta shi a wurin da sunan wanda zai cika da ranar da zai kawo.